An Tsaga Fili Huɗu a Unguwar Zariya: Wane ne Baƙo a Maraɗi?

Alhaji mai ƙorafi: Salamu alaikum. A bar ni in amayar da abin da ke cina. Gidan da ke jikin nawa a unguwar Zariya nan Maraɗi, kare guda (wato filin gida) mai murabba'in mita 600, magada sun sayar, mai saye ya tsaga shi huɗu ya zuba ƴan haya. Masai ɗaya jikin katangar ɗakin uwargidana aka haƙa shi. Darbejiyar da muke zama ƙarƙashinta da la'asar an sare, ruwan wanka kuma titi yake malalowa. An cika mana unguwa da baƙi. Meri, hukumar birni, tana ina?

Malamar makaranta: Baƙi? Alhaji, su wa kake nufi? Ni ma haya nake a irin gidan nan, kuma a unguwar Bagalam nan Maraɗi aka binne cibiyata.

Alhaji mai ƙorafi: Malama, ba da ke nake ba.

Ɗan Tibiri: Da mu yake. In kai ba Bakatsine ba ne, ko jikoki ka aurar a garin nan baƙo kake.

Dattijon unguwar Mokoyo: Yara, ku bi a hankali. Duk wanda ke kan tudun nan hawowa ya yi. Tsohon gari a fadama yake, sai da Gulbi ya ci shi a 1945 aka dawo da mutane sama, aka yanka musu filaye. Zariyar da ake tinƙaho da ita kuwa, da idona na ga gero tsaye a wurin.

Ɗan Tibiri: Allah ya ja kwana, Baba. Ka ƙara musu da cewa su kansu Katsinawan gudowa suka yi bayan jihadi.

Wani ɗan unguwar Maradawa: Kai Bagobiri, ku fa? Ba sai da Alkalawa ta faɗi kuka zo kuka kafa Tibiri ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ka bar mu da garinmu.

Ɗan Tibiri: Garinku? Kawo takarda.

Magini: Jama'a, maganar masai fa. Ramin da ke jikin katanga, damina ɗaya ta isa ya jiƙa tushen gini. Tsagawa ba laifi ba ce, tun ƙidayar 2012 mutanen garin nan sun haura 260,000, dole a matsu. Amma a bar tazara, a haƙa ramin ruwan wanka cikin gida.

Hajiya ƴar kasuwa: Ni magadan nake tausayi. Uba ya bar gida ɗaya da ɗiya rututu, mace tana da rabin rabon namiji, a ɗaki nawa za ta tsaya? Ba sayarwa ya za su yi?

Wani ɗan Maradawa: Hajiya, rabon da Allah ya yi kike suka?

Hajiya ƴar kasuwa: A'uzu billahi! Yaro, na haifi kamarka. Ka janye.

Malamar makaranta: Har yanzu Alhaji bai faɗi su waye baƙin ba.

Alhaji mai ƙorafi: Ni ban zo tarihi ba. Ku ci kanku.

Shugaban zaure (dillalin filaye): To, ya isa, ga abin da aka tsayar. Kowa ya yarda babu baƙo a Maraɗi, don haka ƙorafin Alhaji ya faɗi. Magini, wanda shi ne masani a nan, ya tabbatar tsagawa ba laifi ba ce. Masu jin haushin ƙaramin fili galibi waɗanda suka samu nasu ne tun yana arha. Ɗan Maradawa ya ba Hajiya haƙuri kafin magariba ko in fitar da shi. Mai son rabin kare a hanyar Ɗan Isa ya neme ni ta gefe, akwai takarda.