Tsohuwar sandar faiba da sabbin zobba: me za a bari, me za a cire?

Ɗan Abhur (Jidda):

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena masana harkar fatsa. Ƙanen mahaifina ya ba ni wata tsohuwar sandar kamun kifi ta kamfanin Fenwick, wadda aka yi da faiba (wato fiberglass), tare da injin naɗe zare Penn Senator 4/0, kuma ina so in sake gina ta domin kamun kifayen teku irin su hamur da najil daga cikin jirgi a wajen Abhur, bakin teku a arewacin Jidda. Jikin sandar ba shi da tsaga a ido, amma zobban da zare ke bi ta ciki sun yi kore, zaren da aka ɗaure su da shi ya fara warwarewa, mazaunin injin kuwa, wato inda ake ɗaura injin a jikin sandar, na tagulla ne da farin fentinsa ya ɓare. Ina son in yi amfani da kitsattsen zare na zamani. Shin ya dace in haɗa shi da waɗannan tsofaffin kaya, ko kuwa zan ɓata sandar ne a banza?

Baban Sadiya (Bur Sudan):

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka riƙe jikin sandar da kyau, domin shi ne dukiyar da aka ba ka. Tun da kamfanin Fenwick ya fito da sandar kabon (wato carbon ko graphite) a 1973 mutane suka karkata gare ta saboda rashin nauyi da saurin jin motsin kifi, amma ga wanda zai ja hamur daga bakin duwatsun murjani, faiba tana da halin da kabon ba shi da shi: tana lanƙwasa tun daga kai har kusa da hannu, tana jure buguwa da gefen jirgi, kuma ba ta karyewa farat ɗaya idan aka ɗaga ta sama fiye da kima. Kitsattsen zare kusan ba ya miƙewa, don haka duk fizgar da kifi ya yi a kan sanda da ƙugiya take sauka, kuma a nan laushin faiba yake cike gurbin abin da zaren ya rasa.

Zobban kuwa ka cire su duka, kada ka bar ko ɗaya don ƙauna. Tsofaffin nan ƙarfe ne da aka yi wa farin rufi, an kuma yi su ne don zaren nailan. Idan kana son ka gani da idonka, ka ɗauki auduga ka zagaya da ita cikin zoben da ke kan sandar. Za ka ga zaren audugar yana maƙalewa a wata 'yar siririyar hanya da ido bai kama ba. Wannan hanyar ita ce za ta yanke maka zare ranar da babban kifi ya kama. Ka nemi zobba masu tangaran a ciki, irin na kamfanin Fuji, masu ƙafa biyu, kuma idan aljihu ya yarda ka ɗauki masu gindin titaniyom, wani ƙarfe mai jure gishiri. Dalilina shi ne ruwan Bahar Maliya ya fi yawancin tekuna gishiri, yana kai kusan kashi 40 cikin 1,000 alhali matsakaicin na tekunan duniya 35 ne, saboda zafi yana ƙafar da ruwan kuma babu wani babban kogi da ke zuba a cikinsa. Da yawa daga cikin mutanenmu a Mai Wurno da Sinnar na Sudan suka koyi kamun kifi, a kan kogin Shuɗin Nilu, inda ƙarfe ke shekaru bai ce komai ba, kuma idan suka zo bakin teku abu na farko da ke ba su mamaki shi ne yadda kaya ke lalacewa cikin 'yan watanni.

Kafin ka sayi komai, ka kankare tsohon zaren da reza a hankali, kana yanka a kan ƙafar zoben ba a kan jikin sandar ba, sannan ka lanƙwasa ta kusa da kunnenka. In ka ji tana ƙas-ƙas daga ciki, to ta gama aiki, sai ka rataye ta don tarihi.

Mai Gyaran Inji (Jidda):

Ɗan'uwa, ni a kan injin zan tsaya. Otto Henze ne ya kafa Penn a Filadelfiya ta Amurka a 1932, Senator kuma ya fito a 1936, kuma da yake tsarinsa bai sauya sosai ba, har yanzu ana samun kayan gyaransa. Ka kwance shi, ka wanke tsohon man da ya daskare, ka sauya faya-fayan birki, masu riƙe zare idan kifi na ja, da na kabon. Sai dai ka sani akwai 'yar tazara tsakanin abin da zare ke naɗuwa a kai da murfin gefe, wadda siririn kitsattsen zare ke iya kutsawa ya maƙale, saboda haka ka zaɓi mai kauri, ka kuma fara naɗa nailan a ƙasa don kada ya riƙa sulɓewa. Injin ba ya jera zare da kansa, da babban yatsa ake yi, kuma jiƙaƙƙen kitsattsen zare yana yankan fata idan kifi na ja.

Ɗan Abhur (Jidda):

Allah ya saka da alheri, Baba, da kai ma Yaya. Saura maganar mazaunin injin, domin shi ne ya fi ba sandar kamanninta na da, kuma zuciyata ba ta son cire shi.

Kawu na Sawakin:

Ɗana, na san masu gina sanda da yawa za su ce ka yanke shi ka sa na roba mai ƙarfi na zamani, kuma suna da hujja, tun da na robar ba ya tsatsa kuma ya fi sauƙi a hannu. Ni dai ban goyi bayan haka ba sai in dole ta sa. Cire mazauni aiki ne na zarto da zafi, kuma a nan ne ake yi wa tsohuwar faiba rauni a daidai wurin da take ɗaukar nauyi mafi yawa. Ka ɗaura injin, ka matse, ka murɗa shi hagu da dama da ƙarfinka. Idan mazaunin bai juya a kan sandar ba kuma haƙoran matsewarsa suna kamawa, ka jiƙa shi da ruwan khal (wato binega) ka goge koren da tsohon buroshin haƙori, ka ɗauraye, ka shafa masa maiƙo kaɗan. Tagulla tana ɓata fuska ne da sauri, amma ba ta rubewa kamar baƙin ƙarfe. Ka ƙara da maƙalin nan na Senator da ke rungumar sanda daga ƙasa, shi zai raba nauyin.

Abin da na fi jiye maka shi ne ɗaurin zobban. Kada ka bi tabon tsofaffin wurare, domin tsayin sabbin ya bambanta. Ka manna su da salatif tukuna, ka zura zare, ka ɗaure shi da wani abu mai nauyi, ka ja har sandar ta lanƙwasa. Tun da injinka a sama yake zama, duk inda zaren ya taɓa jikin sandar sai ka matsar da zobe ko ka ƙara wani. Ka goge bakin ƙafar kowane zobe da magagari har ta yi tsini mai santsi yadda zaren ɗauri zai hau ta ba gargada, ka kuma fara shimfiɗa zare a ƙasa don ƙarfen kada ya ci faibar.

Gam ɗin ifoksi mai kwalba biyu da ake rufe ɗaurin da shi yana son awo daidai wa daida, kuma zafin Jidda yana sa shi yin kauri tun kana tsakiyar shafawa. Ka yi aikin da dare a ɗaki mai sanyi inda ƙura ba ta shiga, ka dama kaɗan-kaɗan, ka yi shafi biyu marasa kauri maimakon ɗaya mai yawa, kana juya sandar har ya daina gangarowa. Ka tabbata ya cika 'yar kafar da ke gefen ƙafar zobe, domin ta nan ruwan gishiri ke shiga ya zauna ya ci ƙarfen a ɓoye. Ka ba shi kwana biyu ko uku kafin ka kai ta ruwa, kuma duk dawowa daga teku ka ɗauraye zobban da injin da ruwan famfo ba tare da fesawa da ƙarfi ba, don kada ka tura gishirin cikin injin.