Shawarwari Kan Girman Kai Da Jingina Ni'ima Ga Allah

A wata tattaunawa da aka yi kan girman kai da jingina ni'ima ga Allah, galibin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa girman kai yakan fara ne ranar da mutum ya ce "da gumina na samu", ya manta da Wanda ya ba shi lafiyar neman. An daɗe a kan labarin Ƙaruna cikin Suratul Ƙasas, wanda ya ce iliminsa ne ya tara masa dukiya, har Allah ya sa ƙasa ta haɗiye shi da gidansa. Aka kwatanta shi da Annabi Sulaiman (AS), wanda da ya ga gadon sarautar sarauniyar Saba'i a gabansa, sai ya ce falalar Ubangijinsa ce domin ya jarraba shi ko zai gode ko zai butulce.

Da aka tambaya ko sa tufafi masu kyau girman kai ne, sai aka kawo hadisin Muslim cewa Allah yana son kyau, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane.

Shawarar da ta fi taɓa ni ita ce a kula da "Alhamdulillah" da ake fakewa da ita a yi alfahari, domin baki na iya godiya alhali zuciya na jiran yabo. An kuma ce mai hali ya riƙa fara yi wa na ƙasa da shi sallama, ya karɓi gyara ko daga yaro ne, ya ɓoye kyautarsa idan bayyanawar za ta kunyata mai karɓa.