Haƙurin Sindarela: koyarwar Kirista ce ko gadon kowa?

Maman Biyu: 'Yan'uwa, ina so in karanta wa yaran makarantar Lahadi tatsuniyar Sindarela, yarinyar da kishiyar uwarta ta bautar, har ɗan sarki ya gano ta ta hanyar takalminta ya aure ta. Ni dai na tsaya a kan cewa koyarwar Kirista ce, domin haƙuri da kirki duk suna cikin abin da Bulus ya lissafa a Galatiyawa 5:22. A littafin Jacob da Wilhelm Grimm na Jamus, uwar tana gargarar mutuwa ta yi wa 'yarta wasiyyar tsoron Allah da nagarta. Yarinyar ta dasa reshe a kan kabarin, hawayenta ne ruwansa, tana zuwa addu'a sau uku kullum.

Kawu: 'Yata, kin kai ƙarshensa kuwa? Ɗaya daga cikin 'ya'yan kishiyar uwar ta datse babban yatsanta don takalmi ya shiga, ɗayar ta sare diddige, jini na tsiyaya. Ranar biki kuma tattabaru suka ƙwaƙule musu idanu. Ina gafarar da Yesu ya koya wa Bitrus a Matiyu 18?

Malamin Tarihi: Kawu, ƙwaƙule idon ma babu shi a bugun 1812, sai a na 1819 ya shigo. Wilhelm ya yi ta gyaran littafin har bugu na bakwai a 1857, yana ƙara masa ɗanɗanon addini. Labarin kuma ya riga su da nisa. Tun ƙarni na 9 aka rubuta na Ye Xian a ƙasar Sin: marainiya, muguwar kishiyar uwa, takalmin zinariya, sai dai ƙasusuwan kifi ne ke taimakonta. Can babu coci a zancen.

Maman Biyu: To Malam, na Charles Perrault na Faransa fa, na 1697? A ciki Sindarela ta yafe wa 'ya'yan kishiyar uwar da zuciya ɗaya, ta kai su fada, ta aurar da su ga manyan fadawa. Wa ya koya wa mai rubutun rama mugunta da alheri?

Malamin Tarihi: Wannan kam na ba ki. Gafarar ta dace da Bishara. Haƙurin ne nake cewa ba na mutum ɗaya ba ne.

Goggo: Ai mu ma kakanninmu sun ba mu 'yar bora da 'yar mowa. Mai ladabi ta dawo da arziki, mai rashin kunya ta kwaso wa kanta. Amma ni ba asalin ne ya dame ni ba, ɗiyata. A ajin nan naki ba za a rasa yarinyar da ke hannun kishiyar uwa ba, ita ce wanke-wanke, ita ce ɗiban ruwa, ita ce ƙarshen cin tuwo. In kika ce mata ta yi shiru ɗan sarki na tafe, kin ɗaure ta da alkawarin da Allah bai yi ba. Istifanas ya roƙa wa masu jifansa gafara, kuma a wurin ya rasu.

Kawu: Shi ke nan maganata. Uban yarinyar ma yana cikin gidan yana kallo, bai ce uffan ba.

Maman Biyu: Goggo, wannan ta shige ni. Na Perrault zan karanta, ban janye ba. Amma zan tambayi yaran me ya kamata uban ya yi, da kuma wa za su gaya wa in ana zaluntarsu a gida.

Goggo: Ki gayyato iyayen ma ranar, musamman mazan.