Gurnani a sautin kyamarar tsaro ta gida da mutuwarta da dare: kowa ya faɗi abin da ya gani

Abu Safiyya: Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, ina roƙon duk wanda ya taɓa fama da irin matsalar da ta addabe ni ya faɗa mana yadda ya yi da tasa. Ina da kyamarori huɗu masu cin volt 12, biyu daga ciki da makirufo, dukkansu a kan akwatin wuta guda. Duk lokacin da na kunna abin da aka naɗa sai in ji wani gurnani mai kauri, ba ya hawa ba ya sauka, har yana danne maganar mutum. Kwanan baya wani ya ƙwanƙwasa ƙofa da dare ya yi magana da yarana, na koma na saurara har sau biyar ban tsinci ko kalma ɗaya ba, abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Ga kuma ta ƙofar baya da ke mutuwa ta dawo da kanta da zarar duhu ya shiga. Na canza makirufo ɗaya, babu abin da ya sauya.

Mai Gyaran Lantarki: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka ƙara sayen komai tukuna. A shekarun da na yi ina wannan aiki, da wuya ka ga laifin na makirufo ne, domin shi abin da wutar ta kawo masa yake ɗauka. Ka cire kyamarar daga akwatin wutar, ka jona mata batir mai volt 12, ka naɗi minti ɗaya ka saurara. Wutar batir a miƙe take, babu kaɗawa a cikinta, don haka idan gurnanin ya ɓace ka san daga wajen wuta yake. Wutar gida tana juyawa sau 50 a daƙiƙa a yawancin ƙasashe, sau 60 a irin su Amurka, kuma aikin adafta, wato irin akwatin wutar nan naka, shi ne ta miƙar da ita. Idan kafasitar da ke ciki, wato 'yar na'urar da ke tara wuta don rage kaɗawarta, ta gaji, sai ragowar kaɗawar ta zarce cikin sauti. Na sha buɗe adafta in tarar da kan kafasitar ya kumbura, wani lokaci har da ɗan ruwa mai launin ƙasa da ya bushe a gindinta. Amma kai kada ka buɗe, kafasita tana riƙe wuta ko bayan an zare filogi.

Maman Khalil: Tawa ƙarama ce ta ɗakin yara, mai aiki da Wi-Fi da volt 5. Ni ba gurnani nake ji ba, tsuwwa ce siririya. Cajar da ta zo da ita ce ta ɓace, na sa mata wata tsohuwar cajar waya, daga nan abin ya fara, sai dai ban alaƙanta su ba sai bayan wata guda. Da na jona ta da batirin cajin waya sai tsit. Na sayi caja mai kyau mai ampiya 2 da gajeriyar waya mai kauri, shi ke nan. Wani abin lura shi ne tsuwwar ta fi fitowa idan ɗakin ya yi shiru, domin kyamarar tana ƙara wa makirufonta ƙarfi da kanta idan ba ta jin komai. Na rage ƙarfin ɗaukar sauti a manhajar zuwa rabi, kuma har yanzu ina jin kukan yaron sarai.

Baban Yusra: Malam Abu Safiyya, batun mutuwa da dare na san shi ciki da bai, domin na yi wata uku ina zargin kyamara alhali wayar wuta ce. Idan duhu ya yi, za ka ji ɗan ƙas a cikin kyamarar, sannan fitilun gani da dare su kama, kuma a nan ne abin da take ja yake ƙaruwa, wani lokaci ya ninka. Tawa tana nesa da akwatin wuta da mita 30. Wutar tana tafiya ta dawo, wato mita 60 ke nan, kuma wayar tagulla mai kaurin rabin milimita murabba'i tana cinye kusan volt 2 a wannan tsawon idan ana jan ampiya 1. Kuskurena shi ne ina aunawa a bakin adafta, in ga 12 cif, in ce lafiya lau. Ranar da na hau tsani da na'urar auna volt na auna a bakin kyamarar, na rufe idonta da tafin hannu don ta ɗauka dare ya yi, sai na ga lambar ta zame ƙasa da 10, nan take ta mutu. Da na kankare wayar da wuƙa sai ga fari a ƙarƙashin jan, ashe alminiyam ce aka shafa wa tagulla, wadda ta fi tagulla zalla cinye wuta. Na canza wayar zuwa mai kauri, tun daga ranar ba ta sake ba.

Injiniya: Ina goyon bayan gwajin batir, amma akwai ƙari. Wani lokaci adaftar lafiyarta ƙalau, matsalar ita ce kyamara da na'urar naɗa sun taɓa ƙasa ta hanyoyi biyu daban, sai 'yar wuta ta riƙa zagayawa ta cikin wayar hoto ko ta sauti. Alamarsa a kyamarorin da ke amfani da wayar koaks, wato wayar hoto irin ta eriyar talabijin, ita ce wasu layuka masu duhu da ke hawa ko sauka a hankali a kan hoton. Na gamu da shi a gidan ƙanwata, inda aka ɗaure kyamarar kai tsaye a jikin ƙarfen ƙofa. Muka sa katako tsakaninta da ƙarfen, muka mayar da komai kan soket ɗaya, layukan suka tafi. Idan hakan bai isa ba, akwai ƙaramar na'urar da ake sakawa a tsakiyar wayar don raba ƙasan biyu. Ku kuma duba ko wayar sauti tana tafiya a bututu ɗaya da wayar wutar gida, a raba su, idan kuma dole su haɗu to su gitta juna. Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne kada kowa ya karya ƙafar filogi ta uku don gurnani ya daina. Yana iya dainawa, amma ka cire abin da ke kare ran mutum idan wuta ta zuba a jikin na'urar.

Ummu Hafsa: Ni nawa gurnanin ba ya zuwa sai an ɗauke wuta mun koma kan inbata. An bayyana mini cewa inbatar tana ba da wuta mai tsalle-tsalle ne maimakon mai lanƙwasa sumul, har ita adaftar kanta tana ƙugi idan ka kara kunne. Na mayar da kyamarorin kan ƙaramin akwati mai batir da ke ba da volt 12 kai tsaye, sautin ya wanke.

Baban Yusra: Wanda zai sake sabon aiki ya duba masu cin wuta ta wayar intanet, wato PoE. Wutar tana tafiya a kusan volt 48, don haka asarar hanya kaɗan ce, kuma waya ɗaya tana kai mita 100. Sai dai a lissafa jimillar wat da na'urar da ke raba wa kyamarorin wuta ke iya bayarwa, domin idan duk fitilu suka kama lokaci guda tana iya kashe wata kyamarar.

Abu Safiyya: Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na ari batir na gwada. Gurnanin ta ƙofar gaba ya ɓace gaba ɗaya, kuma da na sa mata adaftarta ita kaɗai bai dawo ba, don haka akwatin wutar ne ya gaji. Ta ƙofar baya kuwa na auna kamar yadda Baban Yusra ya ce, na sami volt 10 da 'yan kai da rana, da na rufe idonta ta mutu a hannuna. Zan canza wayar ranar Asabar. Akwai ɗan gurnani siriri da ya rage a makirufo na biyu ko a kan batir, kuma na lura wayarsa tana bin bututu ɗaya da ta fitilar waje. Injiniya, tazarar taƙi ɗaya za ta isa, ko sai na nemo waya mai rufin kariya?