Fili a bakin tafkin Nguru, zan iya gini ko a'a?

Dan_Garbi:
Salam yan uwa. Dan Allah masu sani ku taimaka min. Bara na sayi fili a bayan gari gefen tafki, kafa hamsin da dari, an rubuta mana takarda da shedu har da sa hannun mai unguwa. Niyyata in zagaye shi da katanga in yi daki biyu sai dan kududdufin kiwon tarwada a baya. Jiya na kai bulo sai wani dattijo yake ce min wai wurin hanyar ruwa ne kuma mashayar shanu ce, wai ma tafkin gaba daya yana cikin wata yarjejeniya ta duniya ba a gini a bakinsa haka kawai. Wallahi hankalina ya tashi don kudin nan shekara uku nake tara su. Da gaske akwai doka ko dai tsoratani yake?

Malamin_Safiyo:
Wa alaikassalam. Dattijon bai yi maka karya ba. Tafkin Nguru da mashigar Marma an saka su a jerin dausayin Ramsar tun shekarar 2000, Ramsar din wani gari ne a Iran inda aka sa hannu a yarjejeniyar a 1971. Daga baya a 2008 aka kara dausayin Dagona da na Baturiya a jerin. Ita yarjejeniyar ba ta ce a kori mutane ba, noma da su da kiwo duk ana yi, abin da take nema shi ne kar a yi abin da zai kashe wurin. Sannan akwai ka'idojin NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, na 2009 a kan fadama da gabar kogi da bakin tafki.

Amma ni abin da ya fi damuna takardarka ce. Dokar filaye ta 1978 ta danka kasa a hannun gwamna, shi ke ba da shaidar mallaka a cikin birni, a karkara kuma karamar hukuma. Takardar ciniki shaida ce cewa ka biya kudi, ba izinin gini ba ce. Kar ka dora bulo ko daya, ka je ofishin kasa da safiyo su duba taswira su gaya maka ko wurin yana cikin shatar gari ko kuwa an bar shi ne don ruwa, kuma ka nemi su rubuta maka, kar ka yarda da maganar baki.

Jikan_Sarkin_Ruwa:
Dan uwa wane wata ka je ka ga filin? In da rani ne to an nuna maka busasshiyar kasa ne kawai. Ka koma karshen Agusta zuwa Oktoba lokacin da ruwan Hadejia ya iso ka gani da idonka. Mu da muka tashi a kan ruwan nan mun san halinsa ya canza, tunda aka yi dam din Tiga a 1974 aka kara na Challawa a 1992 ruwa ya daina zuwa ya janye yadda ya saba, sai ciyawar kachala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyi, shi ya sa yake karkatowa ta Marma ya cinye gonakin da kakanninmu ba su taba ganin ruwa a ciki ba, ga tsuntsun jan baki ya samu makwanci a cikin kachalar yana gamawa da shinkafa da gero.

Kuma wannan bakin gabar da kake gani kamar banza, nan kifi yake hayowa ya yi kwai cikin ciyawa idan ruwa ya cika. Karfasa da tarwadar da ake kyafewa ana lodi zuwa kudu daga nan suke farawa. Da sanyi kuma tsuntsaye ne ke sauka daga Turai, ni da kaina na taba ganin wanda aka kama da zobe a kafa da rubutu a jiki. Kowa ya zo ya ja katanga har cikin ruwa, ina masu koma za su ja kwalekwale, ina shanu za su sha? Rigimar manoma da makiyaya da yawa daga toshe mashaya take tashi, wannan kam na sha gani.

Uwar_Biyu:
Ni dai tausayinsa nake ji gaskiya. Talaka ya tara kudinsa ya saya sai yanzu za a ce masa doka, lokacin da ake yanka filayen ana sayarwa ina masu dokar suke? Ai da an kafa turaku an shafa musu jan fenti an ce daga nan zuwa ruwa ba na kowa ba ne, da babu wanda zai fada ciki. Yayata haka ta gina a fadama, ambaliyar 2022 ta kwantar da dakunan duka, yanzu haya take da yara biyar. Kanina ka nemi wanda ya sayar maka tun kudin ba su narke ba.

Dan_Garbi:
Na gode kwarai Allah ya saka da alheri. A watan Maris na saya kam, ban taba zuwa da damina ba. Dazu na koma na duba da kyau sai na ga alamar ruwa a jikin wata giginya da ke gefen filin, ta kai min gwiwa. Na ce wa mai mota ya dakata da sauran bulon. Ranar Litinin in sha Allah zan je ofishin kasa, daga nan in dauki kawuna mu je wurin mai filin da shedun nan biyu. Malamin_Safiyo in sun ce ba a gini, ko zan iya dasa mangwaro da gwaiba in bar hanyar shanun a bude?