Kore ya isa, ko sai ido ya gani?

Shugaban tawaga: Jama'a, ga shawarata. Duk kod ɗin da CI, injinmu mai gwada kod da kansa, ya ba shi kore, wato alamar ya tsallake gwaji, a haɗa shi da babban reshen manhajar kai tsaye, ba sai wani ya karanta ba. ESLint na kama kurakurai, Prettier na daidaita tsari, gwaje-gwaje na gudana da kansu. Jiran mai dubawa ne ke cinye mana kwanaki.

Mai gwaji: Oga, a yi haƙuri, ban yarda ba. Injin ba ya amsa tambayar da ba mu koya masa ba. Ka tuna sharaɗin da muka kafa, cewa sai gwaji ya taɓa kashi 80 cikin ɗari na layuka? Makon jiya na buɗe wani fayil, na tarar da gwaje-gwaje jere, kowanne ya kira aikin ya wuce abinsa, babu wanda ya kwatanta sakamakon da komai. Adadi ya cika, kore ya fito, ba a gwada ko ƙwayar zarra ba.

Sabuwar injiniya: Ni ce na rubuta su, Malam. Lokacin tashi ya yi, jan da ke nuna faɗuwa ya ƙi gushewa, kashi biyu kacal suka rage mini.

Mai gwaji: Ba laifinki ba ne, ƙanwata. Mu muka mayar da ma'auni ya zama buri.

Shugaban tawaga: To shi idon mutum fa? A 2014 layi ɗaya, "goto fail", ya maimaitu a kod ɗin Apple, iPhone da Mac suka riƙa tsallake tantance sa hannun amintaccen haɗin intanet. Gargaɗin Clang, manhajar da ke fassara kod zuwa harshen na'ura, kan layukan da ba za a taɓa isa gare su ba zai iya nuna shi nan take. Injin ba ya gajiya, ba ya jin kunyar babba.

Tsohon hannu: Gaskiya ne. Amma a Afrilun 2014 ɗin dai aka gano ɓarakar tsaro ta Heartbleed a OpenSSL, manhajar da ke tsare haɗin intanet. Mutum ya duba canjin kafin a shigar da shi a ƙarshen 2011, bai gani ba, manhajojin binciken kod ma akasari ba su hango shi ba, ya kwanta sama da shekara biyu. Kowa na da makantarsa. Ni abin da ya fi damuna daban ne. Tun 1978 da Stephen Johnson ya rubuta lint, manhajar da ke gargaɗi kan kurakuran kod, a cibiyar bincike ta Bell Labs, masu shirya manhaja suka koyi toshe masa baki. Gargaɗi in ya yi yawa, kunne kan mutu. Ga kuma gwajin nan namu mai faɗuwa yau ya tashi gobe: wa ke bincikensa? Sai dai a danna a sake gudanarwa har kore ya gaji ya fito.

Sabuwar injiniya: Jiya sau uku na danna.

Mai gwaji: Ni zan sassauta a wuri ɗaya. Gardamar sarari da waƙafi a bar wa Prettier, kada wani ya sake ɓata baki a kai. Amma duk abin da ya taɓa kuɗi ko kalmar sirri, sai mutum na biyu ya karanta.

Shugaban tawaga: Wannan ai rabin aikinmu ke nan.

Tsohon hannu: Kafin ka yanke hukunci, Oga, bincika "eslint-disable", umarnin da ke toshe wa ESLint baki, a ma'ajiyar kod ɗin, ka ga su wa suka saka.

Shugaban tawaga: Na duba. Yawancinsu da sunana. A bar maganar zuwa taron Litinin.