Ƙarin mega ko tsara layi? Muhawarar masu sayar da wifi a Garwa

Alhaji Sani: Salamu alaikum. Ni dai na yanke hukunci. Wannan abin da yaran nan ke yi a rauta, na'urar da ke raba wifi, wai ba wa kira fifiko, cin kuɗin mutane ne kawai. In rezo ya yi nauyi, a ƙara mega, wato gudun intanet. Nawa a Yelwa mega 20 ne, da magariba mutum 30 na kai, kowa na kukan kiran WhatsApp na yankewa. Wata mai kamawa zan koma 40.

Bashir: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin ka biya, na aikawa mega nawa ne? Ba na saukewa ba.

Alhaji Sani: 5 suka ce.

Bashir: To nan gizo ke saƙa. Kiran murya bai cika kai kilobit 100 ba, ko mutum 10 ne ke kira a tare mega 1 ya ishe su. Amma mutum ɗaya ya ɗora bidiyon biki a status, ko wayarsa ta fara tura hotuna Google Photos, sai mega 5 ɗin nan ya cika maƙil. Modem kuma tara kayan yake a layin jira, muryar mai kira ta maƙale bayan bidiyo kamar mai babur bayan tirela a gadar Binuwai. Ka gwada ping, wato awon jinkirin saƙo, da asuba, ka sake gwadawa da magariba, za ka gani. In ka sayi 40 amma na aikawa bai motsa ba, kuɗinka ne ya tafi.

Hajiya Larai: Bashir ɗana, ni inda ban yarda ba shi ne adalci. Kowa tiken dala 20 ya saya. Don me mai kira zai wuce mai kallon bidiyo? Kuɗinsa ya fi ne?

Bashir: Hajiya, mai bidiyo ba zai ma ji ba, YouTube na ajiye 'yan daƙiƙu gaba kafin ya nuna. Murya ce ba ta da rumbu, in ta makara rabin daƙiƙa sai kowa ya hau "alo, alo".

Malam Idi: Gaisuwa daga Marwa. Bashir na da gaskiya, amma ya ɓoye rabi. Tsarin nan ba ya aiki sai ka rage gudun rauta ƙasa da na layi, kamar kashi 85 zuwa 90 cikin 100, don layin jiran ya dawo hannunka. A fayiba lafiya lau. Mu masu 4G fa? Da safe mega 25, da dare 6. Wace lamba zan rubuta? Na sa 20, da dare bai tsinana komai ba. Na sa 6, na yi asarar safiya. Ga shi kuma manhajojin yanzu a rufe bayanansu suke, gane na WhatsApp daga na Facebook aiki ne.

Bashir: Ba sai ka gane su ba, Malam. A rautar MikroTik ka sa tsarin da ake kira PCQ ya raba wa kowace waya gudu daidai, abin da Hajiya ke so ke nan. Manhajar rautar ma, RouterOS 7, tana da tsarin CAKE da fq_codel, masu barin ƙananan saƙonni su wuce da kansu. Na 4G kuwa, yi jadawali: lambar rana daban, ta dare daban.

Malam Idi: Ranar da ake ƙwallon Lions na Kamaru kuma a yi jadawali na uku 😂

Alhaji Sani: Kun dai yi ta Turanci. Mutum 30 a mega 20, ko ɗaya ɗaya ba su samu ba. Tuwo kaɗan ne, kuna gardamar yadda za a raba malmala.

Hajiya Larai: Nan kam Alhaji bai yi ƙarya ba.

Bashir: Ban ce kada a ƙara ba, Alhaji. A fara da wanda ba a biya.

Alhaji Sani: To zo Juma'a bayan masallaci, ka taho da kwamfutarka. Mako ɗaya na ba ka. In kira ya ƙara yankewa, 40 zan saya, shayin ranar kuma a aljihunka.